Littafin aikin gyaran tsohon siton gyaɗa a Maraɗi

26 ga Oktoba, 2024

Yau dangi suka tsaida magana kan siton Kaka: ba za a rushe shi ba. Za a gyara, a fitar da ofis huɗu na haya da ɗakin taro, kuma ni aka ɗora wa kula da aikin tunda gini na karanta. Zan riƙa rubuta abin da ake ciki, don ƴan uwa na Yamai da na Kano su san inda kuɗinsu ke shiga, wanda kuma yake da irin wannan gini a hannu ya samu abin dubawa.

Siton ba shi da nisa da babbar kasuwa. An gina shi ƴan shekaru bayan ambaliyar 1945, lokacin da Gulbi ya cinye tsohon gari da ke fadama, mutane suka hauro tudu aka yanka sabbin unguwanni. Zamanin gyaɗa ne. Kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA ke ba ƴan kasuwar gari kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo, daga 1962 kuma SONARA, kamfanin gwamnati mai cinikin gyaɗa, ta karɓi ragamar cinikin. Kaka yana cikin masu sayen. A nan ake auna buhuna, a jibge su har su kusa taɓa rufi, kafin manyan motoci su kwashe zuwa Kano inda jirgin ƙasa ke jira. Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, siton ya koma ma'ajiyar duk abin da ya samu: tayoyi, kayan koli, wata shekarar albasa. Daga baya aka sa masa kwaɗo.

Babban ɗakin gaba mita 18 ne tsawonsa, faɗinsa 7, rufin kwano. A baya akwai soraye uku masu rufin azara, da zaure, da tsakar gida. Bangon duk ƙasa ne, kaurinsa a gindi ya kai santimita 70.

Kawu ne ya fi tsayawa kan a rushe, kuma ba maganar banza yake yi ba. Duk wanda yake garin nan a ƙarshen Agustan bana ya ga abin da ruwa ya yi. Gidajen ƙasa sun zube a unguwanni da dama, an rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙarni na 19, shi ma ya faɗi. Ga shi cikin watan nan gwamnati ta rage kuɗin siminti. "Ɗana," in ji shi, "mutane na gudun ƙasa, kai kuma ƴan haya kake son zaunarwa a cikinta?" Na ce, Kawu, a ba ni damina ɗaya. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa haka kawai. Ko ruwa ya kwanta masa a gindi, ko an bar rufinsa na yoyo ba mai dubawa. Wannan ya haura shekara 70 a tsaye, rabinsu ba wanda ya kula da shi. Gwaggo ce ta raba gardamar, ta ce gumin mahaifinsu ne, a gwada.

9 ga Nuwamba

Mun samo magini, dattijo ne daga Tsibiri, gadon gidansu ne sana'ar. Baba muke ce masa. Bai tambayi takarda ko zane ba. Sanda ya karɓa daga hannun wani yaro, ya zagaya ginin yana ƙwanƙwasa bango yana saurare. A bangon gabas ya tsaya ya ce, "Yaro, zo ka ji. Wanga siminti bai riƙe komi ba, shi ne ma aka riƙe." Ƙarar kuwa ta wofi ce, ka san akwai rami a baya.

Wani cikin magabatanmu, da kyakkyawar niyya, ya shafe bangon waje da siminti don ya huta da yaɓe. Yau muka fara ɓamɓarewa. Da aka sa diga a gefe, wani falle mai girman ƙyaure ya taso gaba ɗaya ya kife. Ƙasar da ke bayansa baƙa ce, da sanyi, in ka matsa ta da yatsa sai ta lotsa, ga hanyoyin gara sun yi reshe-reshe har sama da tsayin mutum. Mun fi wata ba a yi ruwa ba, amma bangon a jiƙe yake.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rana na buga siminti ya buɗe, dare ya yi ya tsuke, ƙasar da ke bayansa kuma ba haka take motsi ba, sai tsaga ta fito. Ruwan sama ya shiga ta tsagar, laimar ƙasa ta hauro ta gindi, dukansu ba su da hanyar fita, don siminti ya toshe fuskar da iska za ta busar. Gara kuwa abin da take nema ke nan, duhu da laima. Ina ganin gidaje da yawa a garin nan da aka yi wa wannan sutura, masu su na barci da kwanciyar hankali, kuma abin na damuna ƙwarai. Bangon yamma da na kudu, inda simintin ya zube da kansa tun da daɗewa, su ne suka fi lafiya.

Baba ya ce a bar bangon a buɗe ya sha iskar hunturu kafin a taɓa shi.

23 ga Nuwamba

Takardar izinin gini ta fito daga ofishin magajin gari. Muna ta tsince kaya. Ƙasar da ta zube an tara ta gefe guda, za a sake jiƙa ta. Ƙyamaren ƙarfe biyu na asali suna nan garau, tsatsa ce kawai. A ƙarƙashin tarkace mun tarar da babban sikelin Kaka da duwatsunsa. Abin da ya bar wurin zuwa yanzu fasasshen siminti ne kaɗai, shi ma maƙwabci ya kwashe ya cike ramin ƙofar gidansa.

14 ga Disamba

Aikin gindin bango muke, kuma shi ne zai ci mana lokaci fiye da komai. Shekara da shekaru ana zuba birji da shara a titi, har titin ya fi daɓen sito tudu da kusan taƙi biyu. Wato duk ruwan da ya sauka a layin nan wajenmu yake gangarowa. Da muka haƙa mun tarar harsashin marmara ne, bai motsa ba. Abin da ke samansa ne ya ruɓe.

Baba ba ya yarda a yanke fiye da kamu biyu a lokaci guda. A tokare, a sare ruɓaɓɓen, a cike da sabo, a tsallake gaba, sai ya bushe a dawo wa wanda aka bari. Leburori sun so a buɗe layin gaba ɗaya a gama da wuri. Ya ce musu, "In kun buɗe masa ciki duka, bisa kanku zai zauna." Ba wanda ya sake magana.

Jeri uku na ƙasa muna sa bulon ƙasa matsattse, wanda ake dannawa da injin hannu, santimita 29.5 da 14 da 9, da ɗan siminti kamar kashi 6 cikin 100. Ana rufe shi da leda a bar shi da laima, sai ya yi kwana 28 ake ginawa da shi. Daga nan zuwa sama tubali ne na tsohuwar ƙasar ginin, an kwaɓa da ƙaiƙayi an bar ta ta ruɓa. Wasu na zaton gaba nake da siminti. A'a. Dakalin da zai zagaye ginin, da magudanar da za ta kai ruwa kwalbati, da ban ɗaki, duk da shi za a yi, don nan ne wurinsa. Amma abu ne da sai an ƙona dutse a zafin da ya kai digiri 1,450 kafin a same shi, masana'antunsa ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya, kuma ko na masana'antar Malbaza ta ƙasar nan ne sai babbar mota ta ɗauko shi. Ƙasa kuwa ga ta nan a tsakar gida, kuɗin kwaɓa ta aljihun yaran unguwa yake shiga.

Kawu ya je Tawa cikin makon nan, na roƙe shi ya ratsa Dandaji. Can ne Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka zana sabon masallaci na irin wannan bulo, aka gama a 2018, tsohon masallacin ƙasar kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu. Falke Barmu ne ya gina tsohon, maginin nan da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Da Kawu ya dawo bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "Gani ya kori ji," ya tambayi nawa ya rage a biya masu bulo.

18 ga Janairu, 2025

Rufi. Baba ya bi azarar sorayen ɗaya bayan ɗaya yana soka wuƙa a kawunansu, inda suke shiga bango. Akasari wuƙar ba ta shiga. Giginya namiji ce, baƙar zuciyar, wadda gara ba ta iya wa. Kaɗan ne suka ciwu, duk a ƙarƙashin inda indararo ya toshe.

Samun madadinsu shi ne wahala. Giginya itace ce da doka ta kare, ba a sare ta sai da izinin ma'aikatan gandun daji, kuma manyan dazuzzukanta suna can Dallol Mauri wajen Gaya. Ban so a sare ko ɗaya saboda mu. Sai muka bi unguwannin da gidaje suka zube a Agusta, inda mutane ke sayar da tsofaffin azara don su haɗa kuɗin bulo. Ciniki ne mai nauyi a zuciya. Wata tsohuwa ta nuna mana tarin nata a jingine jikin abin da ya rage na katanga, ta ce mijinta ne ya ɗora su shekarar da aka haifi ɗanta na fari. Abin da ta faɗa muka biya, ban bari an taya ba.

Azara ba ta ɗaukar rufin da ya wuce kamar mita 2 ba tare da tallafi ba, shi ya sa tun da can magina suka ƙirƙiro bakan gizo, wato bakan da ke tallafe rufi. Soron tsakiya yana da shi, baka biyu sun gicciye sun haɗu a sama, ba tsaga ko ɗaya. Ba za mu taɓa shi ba, sai shara da farar ƙasa.

Kwanon babban ɗaki irin mai kaurin nan ne na da. Mun sauke, mun ware masu kyau, an miƙe su an lilliƙe ramukan ƙusa, za a shafa musu farin fenti. Da a kan bango yake zaune kai tsaye. Yanzu za a ɗaga shi santimita 60 bisa ƙarafa, a yi silin a ƙasa da tabarmin kaba ninki biyu, irin wanda matan yankin Gulbin Kaba ke saƙawa. Iska za ta riƙa ratsa tsakanin kwano da silin ta kwashe zafin kafin ya sauko kan mutane. Bakin kwanon kuma za a tsawaita shi mita guda ta gabas, inda hadari ke bugowa.

15 ga Fabrairu

Da aka kankare bangon ciki, sai ga sawun ƙananan tagogi a jere can sama kusa da rufi. An toshe su da bulo saboda ɓarayi. Wanda ya gina siton ya san gyaɗa na son iska. Mun buɗe su duka, an sa sandunan ƙarfe da raga. Sabbin tagogi na haske kuwa a bangon arewa da na kudu kaɗai muka huda, nesa da kusurwa, kowace da azara a samanta. Yamma ba taga, rumfa za a yi.

Akwai abin da ba mu da cikakkiyar dabararsa, wato ƙura. Tagar da ke shigo da iska ita ke shigo da buji, kwamfuta kuwa ba ta son shi. Mun yi wa manyan tagogin ƙyaure biyu, na katako mai tsaga-tsaga a waje, gilashi a ciki, na saman kuma murfin da ake ja da igiya. A watannin hunturu dai sai an riƙa shara da goge-goge kullum, zan faɗa wa ƴan haya tun kafin su sa hannu.

Yaɓen waje na makuba ne. An jiƙa ɓawon ɗorawa a duro har ruwan ya yi ja-ja-baƙi, da shi ake kwaɓa ƙasar. Da hannu ake shafawa, kana ganin sawun yatsu a jere. Kan sorayen da rawaninsu Baba ya dage sai laso, yaɓen da ke hana ruwa shiga: katsi, da gashin jima, da ruwan dafara. Gashin jima ba wuya a garin jar akuya da majema. Katsi ne ya yi ƙaranci, don a ramin marina ake samunsa, marinan kuma sun mutu, sai daga Ƙofar Mata ta Kano aka kawo mana.

Ƴaƴan Baba ba wanda ya gaje shi, ɗaya direba ne, ɗaya yana kabu-kabu. Cikin leburorinmu akwai samari biyu da hannunsu ya faɗa da yaɓe. Na ƙara musu kuɗin yini da sharaɗin su manne masa, su koyi awon kwaɓi da idonsu. In ba haka ba, nan da ƴan shekaru za mu nemi mai gyara mana wannan aiki mu rasa.

22 ga Maris

Azumi ne, ana fara aiki bayan asuba a tashi kafin azahar. Mai wuta ya gama jan waya, duk cikin bututu saboda tabarmin silin, kuma a kan bango aka bi da su maimakon a sassare shi.

Lissafin sola muka zauna yi. Tun Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasar nan har zuwa Maris na 2024, kowa a Maraɗi ya san ofishin da ya dogara da layi ɗaya yana iya wuni a zaune. Kwamfutar tafi-da-gidanka 12, fanka 8, ƙwan fitila 20 na wat 9, da injin buga takarda da na'urar intanet, duka ba su wuce wat 1,500 sosai ba. Na'urar sanyaya ɗaki guda, kilim mai doki ɗaya da rabi, ita kaɗai tana jan fiye da wat 1,000. Da a ce kowane ofis sai da ita, da kuɗin faifai da batir ya ninka ya fi ƙarfinmu. Duk wahalar bango da rufin nan, a nan take biya.

Faifan za su kalli kudu, a ɗan kishingiɗe kamar digiri 15. Batir kuma soron da ya fi sanyi za a kai su, don zafi ke kashe su da wuri. Layin wutar gari na nan a matsayin madadi.

24 ga Afrilu

Watan da nake jira ke nan. Na rataye ma'aunin zafi ɗaya a inuwar rumfa, ɗaya a tsakiyar babban ɗaki. Da ƙarfe uku na rana na waje ya wuce 42, na ciki yana wajen 35. Ba sanyi ba ne, kada wani ya zo da tsammanin kilim. Amma da fanka a kai mutum na iya zama ya yi lissafi ba tare da gumi ya ɗiga kan takarda ba. Na shiga shagon bulo mai rufin kwano da ke kallonmu a daidai lokacin, mai shi ma a waje na same shi.

Ga abin da na so dangi su gane tun farko. Bango mai kauri ba ya hana zafi shiga, jinkirta shi yake yi. Ranar da ta buge shi da hantsi ba ta isa ciki sai bayan magariba. Shi ya sa a bazara masu ɗakin ƙasa ke fitowa tsakar gida su kwana, su ce ɗakin ya yi zafi, kuma gaskiyarsu ne. To ofis fa? Da safe ake shiga, da la'asar a tashi. Lokacin da bango ke sakin zafinsa ba kowa a ciki, tagogin sama na buɗe, iskar dare na ratsawa har asuba. Ma'aikaci ya zo da safe ya tarar ɗaki ya huce. A ganina ba aikin da ya dace da tsohon ginin ƙasa a garin nan kamar wannan, ya ma fi dacewa da shi fiye da kwana.

Sharaɗin dai shi ne a buɗe tagogin sama kowane dare, a rufe manyan da zarar rana ta ɗaga. Mun gwada barinsu a rufe, washegari ɗakin bai sauka ba. Zai shiga cikin aikin mai gadi, a rubuce.

2 ga Yuni

Muna tsere da hadari. An gama dakali da magudana, an ɗaga bakin ƙofa ya fi titi. Rufin kwano da rumfa sun kai murabba'in mita 180. Milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita lita ɗaya ce, Maraɗi kuma na samun wajen milimita 500 a shekara, wato lita 90,000 ke sauka a kanmu. Tankinmu na lita 10,000 ne, an haƙa shi a tsakar gida nesa da bango. Ruwan farko mai ƙura za a bari ya wuce. Sauran na ban ɗaki ne da shara da ban ruwan bedi biyu da za a dasa ta yamma.

19 ga Yuli

Daren jiya aka yi ruwan da ya gwada mu, da iska mai ƙarfi daga gabas. Da gari ya waye titi ya zama gulbi, amma ruwan ya bi magudana, bai taɓa gindin bango ba. Na zagaya ina dafa yaɓen gabas. Sama, inda kwano ya rufe, a bushe yake. Ƙasa-ƙasa ya jiƙe, hantsi na yi ya fara washewa, makubar ba ta zube ba sai ɗan wuri kusa da kusurwa.

Matsala ɗaya ta fito a soron arewa. Indararonsa gajere ne, iska ta riƙa mayar da ruwan jikin bango, ya ci wata hanya mai zurfin yatsa daga sama har ƙasa. Baba ya sa an sauya shi da mai tsawo, aka shimfiɗa dutse inda ruwan ke faɗuwa. Samarin nan biyu ne suka cike zaizayar, yana zaune a inuwa yana kallo, sau ɗaya kawai ya ce a ƙara ƙaiƙayi.

Kawu ya zo da kansa da lema, ya shiga kowane ɗaki yana ɗaga kai. Ya ce saura Agusta.

6 ga Satumba

Agusta ta wuce, ba yoyo, ba tsaga. Ofis uku sun samu masu haya: wani mai lissafin kuɗi da ke yi wa ƴan kasuwa aiki, da ƙungiyar manoma masu sayar da iri, da wasu matasa masu aikin kwamfuta da suka gama Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Na huɗun, soron bakan gizo, mutum biyu ke nema.

Dangi sun amince a riƙa ware kashi ɗaya cikin goma na kuɗin haya a asusu daban, ba mai taɓa shi sai don gini. Kowace shekara kafin damina a share indararo da magudana, a duba lason sorayen. Bayan kaka a bi yaɓen gabas, a duba sawun gara. Mun sa a yarjejeniyar haya cewa ba a shafa fentin mai ko siminti a bango, ba a jingina tulu ko randa da shi, ba a huda shi sai an tambaya.

Abin da ya rage: daɓen zaure, da matakalar masu keken guragu a ƙofar gaba, da wanke sikelin Kaka a shafa masa mai, za a ajiye shi a zaure. Baba zai dawo ƙarshen Oktoba shi da samarin, su yi yaɓen farko na bayan damina.